Sadakar da Kawu Ya Wurga Teku

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Daga unguwar Sharafiyya a Saudiyya nake rubuto maka, kuma raina a ɓace yake.

Ranar Juma'a mun je bakin teku da kawuna da iyalinsa, muka ci kabsa, shinkafar Larabawa da nama. Da za mu tashi, Kawu ya ce abinci ni'ima ne, ba a zuba shi a bola. Sai ya ƙulle ragowar a leda ya wurga ruwa, wai sadaka ga kifi. Na ce, "Kawu, kifi na da hannun kwance leda?" Ya ce, "Halas, ya isa, sarkin karatu, yalla maza naɗe tabarma."

Ban gama naɗewa ba wani farin tsuntsun teku ya kawo sura, wuyansa ya maƙale a hannun ledar. Ya yi ta dukan ruwa da fiffike, ledar tana jan sa ƙasa. Ban iya iyo ba. Muna kallo har ya daina motsi.

Kawu ya ce ajalinsa ne. Ajali ne ya ƙulle ledar?

Wannan Juma'ar ma za mu koma. Masu sauraro, yaya zan riƙe hannun ƙanen mahaifiyata ba tare da an ce ba ni da tarbiyya ba?