Sandar Kamun Kifin Yaya Haladu

Kuɗin da na bar gida da su na bijimin Inna ne. Ta sa aka kai shi kasuwar Wudil, ta damƙa min kuɗin tare da wata 'yar takarda mai lambar waya. Ta ce, "Wannan ɗan garinmu ne, Haladu na gidan Sarkin Ruwa. In ka isa ka neme shi." To, kun dame ni da tambayar doguwar abar nan da ke jingine a bayan ƙofar zaure, wadda kuke cewa bindiga ce. Ba bindiga ba ce. Ku zauna, daga takardar nan zancenta ya fara.

Karatu ya kai ni Manchester, da na gama kuma na maƙale. Ɗaki na kama a Longsight, mu muna cewa Lansayit, yaran unguwar suna yi mana dariya. Mai gidan wani marowaci ne, ya saita na'urar ɗumi ta riƙa mutuwa da kanta.

Na ce, "Malam, abin nan ba ya aiki."

Ya ce, "Yana aiki. Awa biyu kullum da safe."

"Sauran awa ashirin da biyun fa?"

"Ka sa riga biyu."

Aiki na samu a gidan kula da tsofaffi, in yi musu wanka, in ba su abinci a baki. Shekarun da gwamnatin ƙasar ta tsuke bakin aljihu ke nan, ko'ina rage ma'aikata ake yi. Aikin mutum shida mu huɗu muke yi. Manajarmu tana da wata takarda a bango, rota, jadawalin wanda zai yi aiki da wanda zai huta. Ni dai ban taɓa tsoron takarda kamar wannan ba.

Shi kuwa Yaya Haladu a Birmingham yake, unguwar Small Heath. Akawu ne, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ranar da na fara zuwa, matarsa Anti Rabi ta ajiye min tuwo da miyar kuka, na ci ina hawaye, na ce yaji ne. Tun daga nan gidan ya zama gidana.

Amma mutumin nan yana da wani ciwo, ciwon ruwa. Ɗan masunta ne, tun yana ƙarami yake jefa koma. Ranar Asabar sai ya ja ni bakin wata doguwar magudana, mu zauna kusa da tsofaffin Turawa cikin yayyafi. In ya kama kifi, ya duba shi, ya mayar ruwa. Haka dokar wurin take.

Na ce, "Yaya, da Sarkin Ruwa zai ga ɗansa yana sakin kifi, ai sai ya yafe ka."

Ya ce, "Wannan ba kifi ba ne, Sabo, gaisawa kawai muke yi. Kifi yana teku."

Da ragin ma'aikata ya biyo ta ofishinsu, aka sallame shi. Na je jaje, na tarar da shi a falo da taswira a shimfiɗe. Gambiya. Ya nuna min inda kogi ke shiga teku. Ya ce ubansa ya mutu bai taɓa ganin ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa ba, shi kuma ya ga teku sau da yawa amma bai taɓa jefa fatsa a cikinsa ba. Yana da wani ɗan littafi da ya rubuta komai: watan Nuwamba za a je, bayan damina, lokacin da ruwa ya kwanta. Ya samu mai jirgin ruwa, wani Musulmi da suke waya. Ya rubuta maganin hana amai, da hula, da irin ƙugiyar da ake ɗaura wa wayar ƙarfe saboda wani kifi, barakuda, mai haƙora kamar na kare, wanda ke datse zare. Sandunan kamun kifi biyu ya sayo, masu kauri.

Na ce, "Biyu?"

Ya ce, "Ai Rabi ta ce ba zan shiga teku ni kaɗai ba. Ita kuma ko kwale-kwale ba ta shiga."

Ga inda matsalar take, kuma ku da ba ku yi ci-rani ba sai na bayyana muku. Mu hutunmu na shekara ba namu ba ne, na gida ne. Bature ya ɗauki hutu ya tafi ya kwanta a rairayi. Kai kuwa ka cika akwati da tsaraba ka taho Kano, biki, gaisuwar mutuwa, zumunci. Da wane baki zan ce wa Inna, wadda ta sayar da bijiminta, bana ba zan zo ba, na tafi ƙasar wasu kama kifi? Shekarar farko na ce masa bikin ƙanwata. Gaskiya ce. Ya ce, "Allah ya sanya alheri, sai baɗi."

Kafin baɗin ya fara ramewa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, idonsa ya yi ɗorawa. Na ce, "Yaya, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ni kuma na ce Allah ya ƙara sauƙi, na ja bakina. Ni fa, da nake wanke marasa lafiya kullum, na san irin wannan ramar. Da tsohon Bature ne a wurin aikina, da na rubuta rahoto kafin in cire safar hannu. Amma wannan Yayana ne. A wurinmu ba ka titsiye babba ka ce wane ciwo ne, likita ya ce me. Shi ma babba ba ya roƙon ƙaninsa. Iyakar abin da ya faɗa, yana naɗa zare bai ko dube ni ba, shi ne, "Sabo, bana dai ya kamata mu je."

Na ce zan nemi hutu. Bayan mako guda na kira shi, na ce manaja ta hana, ba ma'aikata, rota ta cika. Ya ce, "Ba komai. Aiki ai shi ya kawo mu."

A watan Fabrairu ya rasu. Can muka binne shi, cikin ƙasa mai sanyi da ruwa. Bayan addu'ar bakwai Anti Rabi ta kira ni, ta miƙo min sandar nan a cikin kubenta, da ɗan littafin. A shafin ƙarshe ya liƙa wasiƙar likita. Ta ce likitan ya yarda ya yi tafiya a Nuwamban nan kaɗai, bayan shi kuma a'a.

Na ce, "Anti, me ya sa ba ku gaya min ba?"

Ta ce, "Ni na so. Shi ya hana. Ya ce ba ya son ka bi shi don tausayi, so yake ka je don kifin. Kada ka damu, Sabo, har ya cika yana cewa da ba don manajar nan taku ba, da kun je."

Ban daɗe ba bayan nan na tattaro na dawo. Abin da na tara a ci-ranin bai wuce abin da kuka gani ba, wannan gidan da ɗan shagon magani. Na taɓa ɗaukar sandar na je gadar Wudil, masunta suka kewaye ni suna dariya, suka ce wannan ai ta kama kada ce. Ban ma buɗe ta ba na juyo.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har iyayenku. Manajar nan ba ta hana ni ba. Da na tambaya, ta dubi rota, ta ce, "Shekara nawa kana cike mana gurbi, je ka." Mako biyu ta ba ni. Na kira Yaya Haladu na yi masa ƙarya, don na riga na ga tikitin Kano mai araha. Na ɗaga hutun zuwa Disamba, na zo gida a ɓoye daga gare shi. A zauren nan na zauna, inda kake zaune, ina raba turare da riguna, ana ce min ɗan albarka mai zumunci. Har yau Anti Rabi in mun yi waya sai ta ce Allah ya isa tsakaninta da matar nan, ni kuma in ce amin.