Bulon da Ba Ya Son a Kashe Wuta

A bencin ƙofar shagon kayan gini, wani mai gidan burodi yana ta jujjuya ɓarin farin bulo. Dattijon da ke gefensa ya miƙo hannu.

"Mu gani. Ai bulon silika ne. Shekara talatin ina gina tanderu da shi a kamfanin gilashi."

"To Baba, fitar da ni daga duhu. An ce ko zafin da ke narka gilashi bai dame shi ba. Ni burodi kawai nake gasawa, amma wata biyu tanderun da na gina da shi ya tsattsage!"

"Ka bar rata a tsakanin bulo da bulo? In ya ji wuta kumbura yake."

"Bulo ya kumbura? Ƙullu ne?"

"Kana kashe wutar?"

"Kullum, da an gama gashi."

"Shi ke nan. Zafi yanzu, sanyi anjima, shi ne ba ya ɗauka. Namu in an kunna, sai ya shekara goma yana ci."

"Shekara goma? Saboda burodin safe?"

Dattijon ya nuna da haɓa. "Waccan motar da ake cikawa da irinsa fa, ta wane bawan Allah ce?"

Mai burodi ya miƙe zumbur. "Kai! Ku dakata! Na fasa saye!"