Likita Ta Ce In Kira Sunan Ɗan Farina

Mai gabatarwa, salamu alaikum. Shekara uku ina aiko wasiƙa, ko ɗaya ba ku karanta a rediyo ba. Ban yi boko ba, matar ɗana ke rubuta min daga nan unguwar Taman Melati, a ƙasar waje, inda na zo wurinsu.

Ciwon damuwa ya kama ɗan nawa yana karatu, abokai suka ba shi wata laimar kwaɗi mai juya ƙwaƙwalwa, wai magani. Tun ranar yake ganin bango yana numfashi. Likitar da ke zama da shi ta ce in zo in kira sunansa, in saurare shi. Ɗan fari fa! Ban taɓa furta sunan ba. Amma jiya ko abinci bai taɓa ba, sai kallona.

Ran Alhamis ne zaman namu da likitar. Wannan karon ku amsa min: bayan sunan, me zan ce masa?