Lemon Koyon Allura

A rumfar mai lemo, wata ɗalibar jinya cikin fararen kaya tana ta latsa lemo ɗaya bayan ɗaya.

"'Yata, masu zaƙin suna gefen nan," in ji mai lemon.

"Ba na sha ba ne, Mama, allura nake koyo a jikinsu. Malamarmu ta ce sai hannuna ya daina rawa zan taɓa mutum."

"To, ai lemo ba ya ihu."

"Shi ya sa muke shiri. Na jiya sai da ya koma rariya, bai ce uffan ba."

Mai lemon ta yi dariya, ta ƙara mata biyu.

"Ga gyara. Ki koya da kyau, akwai allurar da nake gudu tun bara. In hannunki ya faɗa, ki neme ni."