Riga a Baibai

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro, Allah ya ƙara girma, manyan likitoci da malaman asibiti, ungozomomi, masu binciken magani, waɗanda aka ce mini suna kujerun gaba, iyaye 'yan'uwana masu jinya, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo, ina gaishe ku, sannunku da zama.

Muryar da kuke ji ba tawa ba ce. Ni ce tsohuwar nan da ke zaune a gefe. Ban yi makaranta ba, kuma in na ga taro bakina rawa yake yi. Autata na zaunar na faɗa mata ta rubuta, na ce kada ta gyara mini magana. Na gode da kuka ba irina wuri.

Ina da jika, ɗanta ne ita mai karanta muku. Ina ce masa Maigida, shi kuwa ya ce ya sake ni tunda ba ni da haƙori. An haife shi da ciwon da ban iya faɗin sunansa ba, likita ta maimaita mini har ta gaji. Fatarsa ce ba ta da ƙarfi. Abin da zai goge ka ka wuce, shi sai ya tashi bororo, ya fashe, ya saɓule kamar ƙuna. Na goya 'ya'yana, na goya na maƙwabta, amma shi ban taɓa ɗaura masa zani a bayana ba.

Magana ta farko, ga jama'a. In kun ga yaro da riga a baibai, ku tambaya kafin ku taɓa. Da gangan muke juya masa, don bakin ɗinki yanka shi yake yi. Wata baiwar Allah ta gan shi a bakin famfo, ta ce kai, idon kaka ya tafi, ta kama shi ta tuɓe rigar za ta gyara. Alheri ta nufa. Mun daɗe muna jinyar hammatarsa. A mota ana janye yara daga kusa da shi, har an taɓa cewa da ruwan zafi muka ƙona shi. Ba ƙuna ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗauka. Na faɗa na gaji, ku taya ni faɗa.

Ta biyu, ga malaman asibiti. Ku yi haƙuri da ni, filasta nake tsoro. Duk wanda zai sa masa ruwa, hannunsa filasta yake nema, don haka aka koya masa. Ran nan na ce wa wani malamin asibiti, "Ɗana, kada ka manna." Ya ce, "Iya, ki kwantar da hankalinki." Da aka zo cirewa, da fata ta fito. Bawan Allah ya tsaya riƙe da ita, idonsa ya kawo ruwa. Ban ga laifinsa ba, ni ma a jikin yaron na koya. Rashin sani ya fi dare duhu. Amma ƙafafuna sun gaji da tsaron gado, kuma ba zan dawwama ba. Ku koya wa junanku tun ina raye.

Ta uku, ga masu bincike. An ce masu irin wannan ciwo kaɗan ne, shi ya sa magani ya yi nisa. A wajenku kaɗan ne, a ɗakinmu shi ne duka. Da kuka nemi jininmu na ƙi, don ina tsoron allura, ina tsoron abin da za a gani. Har yanzu ina tsoro. Amma ga hannuna, ku ɗiba. Masu hali kuma ku tallafa musu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu ku dubi mai karanta muku. Kun ga cikinta, ya tsufa. Likita ta ce mai zuwa yana iya tsira, yana iya zuwa da ciwon. Ban san a hannun wace ungozoma zai faɗo ba, wataƙila tana cikin ɗakin nan. 'Yata ungozoma, don Allah in kin karɓe shi, kada ki dirje shi da tawul, ki duba fatarsa tukuna.

Na ɗinka masa 'yan riguna, duk a baibai. Maigida ya gani ya ce, "Tsohuwa, in ya zo lafiya fa?" Na ce sai in juya su.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu jinya haƙuri, ya buɗa wa masu bincike ido, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya sa in juya rigunan nan.

Na gode.