Waƙar da Ba Suna a Memorina

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Rabi mai ɗinki, daga Ƙofar Ɗan Agundi.

Na saba kai memorina wajen mai tura waƙoƙi na bakin layinmu ya zuba mini sababbi. A zubin bayan nan akwai wata da ba sunanta, ba sunan mawaƙiya, lamba ce kawai. Muryar mace ce da kalangu.

Innata, tun da ɓarin jikinta ya shanye ba ta cika magana ba. Ina kunna waƙar nan sai na ga leɓɓanta suna bin amshi. Da ta ƙare ta ce, "Rabi, maimaita."

Na koma na tambayi mai turin, ya ce, "Wallahi Hajiya, ni ma turo mini aka yi." Haka ake sana'a, fisabilillahi?

An ce akwai manhajar da ke sauraron waƙa ta faɗi mai ita. Gaskiya ne? Tana jin Hausa kuwa? Masu sauraro, ku taimaka mini in samo sauran waƙoƙin baiwar Allahn nan. Ina so in ji me Inna za ta ƙara cewa.