Sha'irin Dokin Gwamna

A bargar gwamnan Kirman na ji su, wata mata zaune riƙe da turken doki, da wani tsoho ɗauke da buhu.

"Baiwar Allah, matsa in wuce. Nan wurin mata ne?"

"Wurin wanda aka zalunta ne, Baba. Wanda ya kama turken nan, ko gwamna bai isa ya kore shi ba sai ya saurare shi."

"Wa ya taɓa ki?"

"Yayana. Mahaifinmu ya bar mini rabona na ruwa, shi kuma ya toshe hanyar, gonata ta bushe. Alƙali ya ce in yi haƙuri."

"To ki yi mana! Mace da kai ƙarar ɗan'uwanta? Dubi Mirza Nasrullahi, da ba ya rigima da kowa. Bana ruwa ya ishe shi, har ya aiko wa dokin gwamna gaisuwar sha'ir, ga shi nan a buhu."

"Nasrullahi na garin Mahan?"

Tsohon ya gyaɗa kai.

"Shi ne yayan nawa. Sauke buhun nan in zauna a kai, ruwana sha'irin ya sha. In doki na jin yunwa, mai shi ya sauko ya roƙe ni."